Harshe Uku, Labari Ɗaya: Yadda Ɗalibin Aikin Jarida Ke Koyon Ɗauko Rahoto a Tamale

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ɗalibin aikin jarida yake koyon ɗauko rahoto a Tamale da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ɗalibin yana jin labari da harshen Dagbani, ya rubuta shi da Turanci, sannan a karanta shi a rediyo da Dagbani ko da Hausa, alhali aji ya ɗauki nauyin matakin tsakiya ne kaɗai. Manyan kurakuran da ɗalibi ke tafkawa a farkon aikinsa suna faruwa ne a wajen wannan ƙetare daga harshe zuwa harshe, da kuma wajen shiga zaurukan da ke da nasu ƙa'idojin magana. Maƙalar ta dogara da tarihin kafafen yaɗa labarai na Gana, da abin da marubucin ya gani da idonsa, da farko yana ɗalibi, daga baya yana duba aikin ɗalibai masu neman sanin makamar aiki.

Gabatarwa



Zan fara da kunyar da na sha, domin ita ce asalin wannan takarda. Ina ɗalibi, lokacin hutu, na samu wuri a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Tamale. A mako na biyu aka tura ni wani ƙauye a yamma da gari, inda matan da ke haɗa man kaɗe suka gyara rijiyar burtsatsensu da kuɗin aljihunsu. Na zauna a kan turmi da aka kife mini, na kunna rikoda, magajiyar matan ta ce sun tara miliyan biyar. Na rubuta haka, na dawo ina ta murna na samo babban labari: matan ƙauye sun tara sidi miliyan biyar.

Edita ya karanta, ya zare tabarau, ya dube ni. Ya ce, "Kai ɗan nan, ka ga takalmin da ke ƙafar matar?" Na ce, "Na gani, maigida." Ya ce, "To, wadda ke da sidi miliyan biyar a adashi, da wannan silifa za ka same ta? Koma ka yi lissafi."

Abin da na manta shi ne, a watan Yulin 2007 Gana ta sauya kuɗinta, aka cire sifili huɗu, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya. Takardar kuɗi ta sauya amma bakin mutane bai sauya ba. Har gobe a kasuwar Aboabo idan mace ta ce maka miliyan ɗaya, sidi ɗari take nufi. Miliyan biyar ɗin magajiya sidi 500 ne. Matar ba ta yi ƙarya ba, rikodata ba ta yi ƙarya ba, kuma na bi duk abin da aka koya mini a aji: na je wurin da kaina, na ambaci majiya, na kawo adadi. Duk da haka da labarin ya fita, da na ninka gaskiya sau dubu goma.

Inda ɗalibin ya samu kansa

Aikin jarida na zamani a Gana ɗan kudu ne. Gidan rediyon farko, ZOY, a Akra aka buɗe shi a 1935. Jaridar Daily Graphic ta fara fita a 1950, kamfanin dillancin labarai na ƙasa ya zo a Maris 1957, sannan Kwame Nkrumah ya kafa makarantar koyon aikin jarida ta GIJ a 1959, duk a Akra, wadda iyayenmu na Zango ke kira Ankara. Tsakanin can da nan tafiyar kusan kilomita 600 ce. Tamale ta zama mazaunin mulkin Turawa na yankunan arewa tun 1907, amma ba ta samu sakandaren gwamnati ba sai 1951, shekara 75 bayan buɗe sakandaren Mfantsipim a bakin teku. Shekaru da yawa, wanda ke rubuta labarin arewa baƙo ne da aka turo daga hedikwata, yana magana da mutane ta bakin tafinta, yana rubuta wa masu karatu na kudu.

Wannan ba ya nufin arewa ba ta da masu adana labari. Makaɗan Dagombawa, lunsi, suna riƙe da jerin sarakuna da abin da ya faru a zamanin kowanne, kuma suna shekaru suna koyo kafin a bar su su buɗe baki a gaban fada. Mu ma na Zango muna da Alhaji Umaru na Kete Krachi, Bakano, wanda ya rasu a 1934, ya kuma bar rubutu kan yaƙin basasar Salaga na 1892 da annobar murar da ta ratsa ƙasar nan a ƙarshen yaƙin duniya na farko. Sai dai babu ɗayansu a manhajar da ɗalibin jarida ke karantawa.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin, kuma shekararsu ɗaya. Kundin tsarin mulki na 1992 ya keɓe babi guda, na 12, ga 'yancin kafafen yaɗa labarai, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara ɓullowa. A Tamale yanzu, ban da Radio Savannah na gwamnati, akwai irin su Diamond FM da Radio Justice da Zaa Radio, ga Simli Radio na al'umma a Dalun, ga talabijin na Sagani da ke magana da Dagbani. A wannan shekara ta 1992 kuma aka kafa Jami'ar Nazarin Ci Gaba, UDS, wadda ta fara karatu a 1993 a Nyankpala da ɗaliban aikin gona, daga baya aka buɗe fannin sadarwa a wannan haraba. Ke nan an samu ɗan gida yana koyon aikin a gida, kuma an samu wurin da zai yi aikin da harshen gida.

Abin da ba a samu ba shi ne gada tsakanin biyun. Littafin da ɗalibi ke karantawa an rubuta shi ne don mai ɗauko rahoto da zai ji da Turanci, ya rubuta da Turanci, a karanta da Turanci.

Harshe uku

Mu bi labari guda daga farko. Ɗaliba ta je Savelugu ta yi hira da manomi kan takin zamani. Da Dagbani suka yi magana. Ta dawo ɗakin labarai ta rubuta da Turanci, domin da shi edita ke dubawa, da shi kuma malami ke ba da maki. Da yamma mai karanta labarai ya ɗauki wannan takarda ta Turanci ya shiga situdiyo, yana kallo yana juyawa zuwa Dagbani nan take, ba tare da rubutacciyar fassara ba. Wani ya sake yin haka da Hausa don mutanen Zango. Manomin na Savelugu yana zaune da rediyonsa yana jin abin da aka ce ya faɗa, bayan maganarsa ta yi tafiya ta dawo ta hannun mutum uku. Sau da yawa ba ya gane ta.

Wuraren da maganar ke zubewa sanannu ne, kuma kusan kowane ɗalibi yana faɗawa cikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne lamiri. Dagbani ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, kalmar "o" ta wadatar ga duka biyun. Turanci kuwa dole ka zaɓa. Ɗalibin da aka ba labarin wani mutum da bai gani ba, da ya zo rubutu sai hannunsa ya zaɓi namiji, musamman idan ana maganar mai gona ko mai shanu ko mai kuɗi. Na sha gyara rahoton da ya mai da 'yar kasuwa namiji. Hausar Zango ma ba ta taimaka, domin mu nan mukan ce "ya zo" ko mace ce ta zo, abin da ke sa baƙi daga Kano dariya. Wanda ya tashi da harsuna biyu da ba su damu da wannan bambanci ba, sai an koya masa ya riƙa tambaya.

Na biyu shi ne lokaci. A aji an ce kowane labari ya amsa tambayar "yaushe". To, kasuwannin Dagbon, ƙasar Dagombawa, suna ci ne duk bayan kwana shida, suna zagayawa tsakanin garuruwa irin su Tamale da Tolon da Savelugu da Kumbungu. Tsohuwa za ta ce maka abin ya faru kasuwar Tolon biyu da suka wuce. Ɗalibi ya ji "kasuwa biyu" ya rubuta "mako biyu", ya ƙara kwana biyu daga aljihunsa. Wani zai auna maka da watan Damba ko daren Bugum, wani da saukar ruwan farko. Duk waɗannan amsoshi ne na gaskiya masu ƙayyadadden lokaci, amma sai wanda ya san lissafin ne zai mai da su ranar kalanda.

Na uku shi ne awo da dangi. Kwanon awon masara ba kilo ba ne, kuma tozon da mai sayarwa ke ɗorawa a kansa yana cikin farashin. "Ɗan'uwana" na iya zama wanda kuka fito ciki ɗaya, ko ɗan baffa, ko wanda kuka tashi gida ɗaya kawai. A labarin biki wannan ba komai. A labarin rikicin gona ko gadon sarauta, shi ne labarin gaba ɗaya.

Akwai na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, wato kalmar da ke yanke hukunci tun kafin a yi shari'a. A Gambaga da Kukuo da Gnani akwai matsugunan tsofaffin mata da aka kora daga garuruwansu bisa zargin maita. Jaridun Turanci sun saba kiran wuraren da sunan da, idan mai karanta labarai ya juya shi kai tsaye, zai fito "sansanin mayu". Da ya faɗi haka ya riga ya tabbatar wa mai sauraro cewa mayun ne. A watan Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, a Kafaba kusa da Salaga, a bainar jama'a, kan irin wannan zargi. Tun daga lokacin nake tsayar da duk ɗalibin da ya zo hannuna a kan wannan kalma har sai bakinsa ya saba da cewa "matan da ake zargi da maita". Ta fi tsawo, takan ci daƙiƙa biyu a iska, kuma ban taɓa jin mai sauraro ya yi ƙorafin tsawonta ba.

A nan nake ganin kuskuren fahimtarmu mu malamai. Mun ɗauka tunda ɗalibi ya sha Dagbani ko Hausa a nono, ba ya buƙatar a koya masa aiki da su. Amma iya magana daban, iya fassara daban. Wanda bai taɓa rubuta sakin layi ɗaya da harshen uwarsa ba, bai taɓa zama ya nemi yadda za a ce "hauhawar farashi" ko "belin wanda ake tuhuma" ba, ranar da aka zaunar da shi gaban makirfo abin da ya zo bakinsa zai faɗa. Sai ka ji an kira wanda 'yan sanda suka kama "ɓarawo" da safe, kotu ta sallame shi da rana.

Zaure, goro da soli

Abu na biyu da aji ba ya koyarwa shi ne yadda ake shiga gari.

Ɗalibi ya koyi cewa hira tana farawa da gabatar da kai, sai tambaya. A ƙauyen Dagbon ba haka take farawa ba. Sai ka nemi wanda zai kai ka, galibi wakilin unguwa a majalisar gunduma. Ka tuɓe takalmi a ƙofar zaure. Ka durƙusa. A yi gaisuwa mai tsawo, ana tambayarka hanya da gida da gajiya, kana amsawa da "naa", fadawa suna tafi a hankali. A kawo ruwa, a ba da goro. Sai bayan an gama wannan ne za a tambayi abin da ke tafe da kai, kuma ba sarki za ka faɗa wa ba. Wulana, kakakin sarki, za ka faɗa wa, shi ya miƙa, sarki ya amsa ƙasa-ƙasa, wulana ya ɗaga murya ya dawo maka da amsa.

Na taɓa raka wasu ɗalibai biyu, mace da namiji, irin wannan zaure kan maganar filin makaranta. Sarki ya yi magana da ba ta fi jimla biyu ba. Wulana ya ɗauka ya yi minti uku yana shimfiɗa ta, da karin magana, da tunatar da alherin da sarki ya yi wa garin. A kan hanyar dawowa, muna cikin keke mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo, ɗalibar ta ce, "Malam, to wa zan ce ya faɗa?" Ban taɓa samun tambayar da ta fi wannan kyau daga ɗalibi ba. A al'ada, abin da wulana ya faɗa a gaban sarki maganar sarki ce, kuma idan ka ce "wulana ya ce" ka rage mata daraja. A ƙa'idar aikinmu kuwa, ba ka sa wa mutum a baki abin da bai furta ba. Abin da muka tsaya a kai ranar shi ne ta ce fadar ta bayyana ta bakin wulana, ta kuma bar muryar wulanan a cikin rahoton yadda mai sauraro zai ji da kunnensa. Ban ce ita ce amsa ɗaya tilo ba. Abin da na ce shi ne babu littafin da ke hannun ɗalibar da ya san akwai tambayar.

Ita wannan ɗaliba ce ta samo ainihin labarin. Bayan an tashi daga zaure ta shiga cikin gida gaida matan sarki, inda ni da abokin karatunta ba mu da hanyar shiga, ta zauna tana taya su ɓarar gyaɗa. A nan ta ji cewa filin da ake magana a kai matan garin ne ke noma kuɓewa a cikinsa, kuma ba wanda ya tambaye su. Muna yawan lissafa wahalhalun da ɗaliba mace ke sha a wannan aiki, kuma gaskiya ne tana sha, daga iyaye masu ganin yawo ne har manyan mutane masu neman lambar waya bayan hira. Amma ba mu cika faɗa mata cewa rabin garin a buɗe yake gare ta, a rufe ga namiji ba.

Sai maganar kuɗi, wadda ke rikita ɗalibi fiye da komai. An koya masa abu biyu: kada ka biya majiya, kada ka karɓa daga majiya. Ranar farko a ƙauye zai karya duka biyun. Goron da ake kai wa sarki yau sau da yawa kuɗi ne ake ajiyewa a gaban wulana da sunan goro. Idan zai tafi kuma a kamo zabuwa ko a ɗauko doya a ce na baƙo ne, kuma mayar da ita cin fuska ne da garin ba zai manta ba. Bayan kwana biyu a tura shi taron wata ƙungiya a otal, a gama, a kira 'yan jarida gefe a rubuta suna a miƙa ambulan. Wannan shi ne soli, kuɗin mota a baki, kuɗin labari a zuci. Ɗalibin da ba a biyansa ko kwabo a wurin sanin makamar aiki, wanda ya zo taron da man babur na aro, yana ganin manyansa suna karɓa.

Idan muka ce masa duk ɗaya ne, duk haramun ne, zai gane ba mu san ƙasa ba, ya watsar da maganarmu gaba ɗaya, har da ta ambulan. Idan muka yi shiru, zai yanke wa kansa cewa duk ɗaya ne, duk halal ne, ya kira soli da sunan goro. Bambancin da nake koya musu shi ne: goron zaure a fili ake bayarwa, kowa na gani, ɗaya ne ga ɗan jarida da mai sayen shanu da mai neman aure, kuma ba ya sauya abin da za ka rubuta. Ambulan a gefe ake bayarwa, don kai ɗan jarida ne ake ba ka, kuma mai bayarwa zai kira da yamma ya ji ko labari ya fita. Zabuwa kuwa, a kai ta ɗakin labarai a faɗa wa edita daga inda ta fito. Na yarda wannan ba ya cika cikin ɗalibi mai yunwa. Muddin gidajen rediyo suna ɗaukar ɗalibai su yi musu aiki kyauta, ba tare da ko kuɗin mai ba, wa'azinmu kan soli rabin wa'azi ne.

Ɗan wane gida ne kai

Ba za a yi maganar aikin jarida a Tamale a tsallake Yendi ba. A ranar 27 ga Maris 2002 aka kashe sarkin Dagbon, Ya-Na Yakubu Andani na Biyu, a fadar Gbewaa da ke Yendi tare da mutane da dama. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a Dagbon, wadda ta wuce shekara biyu a Tamale da Yendi, ta kuma umarci kafafen yaɗa labarai su kai labarin rikicin Ma'aikatar Yaɗa Labarai a tace kafin a fitar. Wannan ya faru ne wata takwas kacal bayan majalisa ta soke dokar ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna a Yulin 2001. An shekara goma sha bakwai kafin kwamitin manyan sarakuna a ƙarƙashin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya kai ga sulhu, aka yi bukukuwan makokin sarakuna biyu a Disamba 2018 da Janairu 2019, aka naɗa Ya-Na Abukari na Biyu.

Ɗaliban da ke aji yanzu da yawansu ba a haife su ba a 2002. Amma sun tashi a gidajen da aka san ko na Abudu ne ko na Andani, ɓangarori biyu na gidan sarautar da ke rikicin, kuma wanda za su yi hira da shi ya san haka kafin su buɗe baki. Baƙon ɗan jarida daga kudu ana tambayarsa sunan jaridarsa. Ɗan gida ana tambayarsa sunan ubansa. A shekarun rikicin, ko yadda ka ambaci Mahamadu Abdulai, ɗaya daga sarakuna biyun da aka yi makokinsu, wanda aka sauke daga sarauta a 1974 ya rasu a 1988, da laƙabin Ya-Na ko ba da shi ba, ya isa a ce ka ɗauki ɓangare. Ɗalibi ɗan Zango yana da ɗan sauƙi a nan, domin ana ganin ba shi da kaso a fatar sarauta, amma shi ma yana da nasa: saɓanin malaman Tijjaniyya da na Ambariyya ya ratsa unguwarsa, watakila ya ratsa gidansu.

Da ɗan gari ake cin gari, in ji Bahaushe, kuma gaskiya ne ɗan gida yana jin abin da baƙo ba zai ji ba. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne baƙo yana hawa mota ya tafi, ɗan gida kuwa gobe da asuba zai haɗu da wanda ya rubuta labarinsa a sahu ɗaya. Matsin da ɗalibi ke fara gamuwa da shi ba daga gwamnati yake zuwa ba. Daga baffansa yake zuwa, wanda zai zo gida bayan isha'i ya ce wa mahaifinsa, "Yaya, ka ja wa yaron nan kunne." Kuma ɗalibai sun san inda abin kan kai idan ya yi tsanani. Ahmed Hussein-Suale, ɗan Wulensi a wannan jiha tamu, wanda ya yi aiki da Anas Aremeyaw Anas a binciken cin hanci a harkar ƙwallon ƙafa, an harbe shi a Madina cikin Akra ranar 16 ga Janairu 2019, bayan an nuna hotonsa a talabijin. A 2018 Gana ce ta ɗaya a Afirka a jadawalin 'yancin 'yan jarida na ƙungiyar RSF, ta 23 a duniya. A 2022 ta koma ta 60.

Zango na uku

Akwai wani abu da UDS ke yi wanda a ganina shi ne makarantar aikin jarida mafi kyau a arewacin Gana, ko da yake ba don haka aka ƙirƙiro shi ba. Shekarar karatu a wannan jami'a zango uku ce, kuma a na ukun ana rarraba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, daga fannoni daban-daban, a kai su ƙauye su zauna kusan wata biyu. Suna kwana a ajin firamare ko ɗakin da gari ya ba su, su ɗebo ruwa inda kowa ke ɗebowa, su ƙirga gidaje, su zana taswirar gari, su rubuta tarihinsa da matsalolinsa. Mu Hausawa kalmar ta yi mana daɗi biyu, domin zango a wurinmu masaukin fatake ne kafin ya zama kason shekarar karatu, kuma a nan ma'anonin biyu sun haɗu.

Ɗalibin da ya yi wannan zama ya san abin da mai zuwa da safe ya koma da yamma ba zai sani ba. Ya san amsar ranar farko ta baƙunta ce, ta mako na uku ita ce ta gaskiya. Ya ga yadda ruwa ke cin gonakin bakin kogi idan aka buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso wajen watan Agusta ko Satumba. Ya san gidajen da 'yan matansu suka tafi kudu ɗaukar kaya a kasuwa, da abin da suke aikowa. Amma duk wannan yana ƙarewa a rahoto mai bango da ake ba wa maki a ajiye a kanta.

Shawarata ga sassan sadarwa ba ta buƙatar sabon gini. Kowane ɗalibin jarida da ya tafi zango na uku ya dawo da labari ɗaya na rediyo, na minti biyar, da harshen garin da ya zauna, tare da rubutunsa a wannan harshe da kuma fassararsa ta Turanci gefe da gefe. Mutum biyu su duba: malamin aikin jarida, da wanda ya ƙware a harshen, ko da tsohon mai karanta labarai ne da ba shi da digiri. A ba da maki kan abin da ya zube tsakanin rubutun biyu. Gidajen rediyon Tamale kuma su haɗu da sashen su fara tara kalmomin kotu da na asibiti da na kasafin kuɗi da Dagbani da Gwanja da Hausa, a daidaita su a takarda ɗaya da za a liƙa a kowane situdiyo. Matasan da suka kafa Wikipedia ta Dagbani a 2021 sun riga sun fara irin wannan aiki na neman kalma, kuma da yawansu a garin nan suke.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda na fi so a ɗauka. Kafin a ba da maki, ɗalibi ya koma ƙauyen da wayarsa, ya tara waɗanda ya yi hira da su a gindin bishiyar da suka saba zama, ya kunna musu labarin, ya rubuto abin da suka ce bai faɗa daidai ba. Ni na yi wannan komawa sau ɗaya, ba don an sa ni ba. Na kunna wa magajiya rahoton rijiyar bayan an gyara adadin, ta saurara har ƙarshe, ta ce kuɗin daidai ne, amma na ce rijiyar ta shekara a lalace, alhali damina biyu ta yi.